Dafin Gizo-gizo a Matsayin Maganin Ƙwari

Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san Gizo tun kafin ya shiga makaranta. Shi ne mai wayon nan na tatsuniya, mijin Ƙoƙi, wanda ba ya rasa dabarar cika cikinsa. Gizo-gizo na haƙiƙa kuwa ba ya samun irin wannan daraja. In an ga saƙarsa a kusurwar ɗaki tsintsiya ake ɗaukowa, in kuma mutum ya wayi gari da ƙuraje a wuya sai a ce tautau ne ya yi masa fitsari, alhali sau da yawa aikin wani ɗan siririn ƙwaro ne mai ja da baƙi da aka murƙushe a kan fata. To, wannan halitta da muka raina ita ce ta fi kowa ƙwarewa wajen kashe ƙwari, kuma yau masana kimiyya sun koma ɗalibanta.

Da farko ya kamata ɗalibi ya tuna cewa a ilmin halittu ba a lissafa gizo-gizo cikin ƙwari. Ƙwaro ƙafa shida gare shi, jikinsa kuma kashi uku ne. Gizo-gizo ƙafa takwas gare shi, jikinsa kashi biyu, danginsa su ne kunama da kaska. A shekarar 2022 yawan ire-iren gizo-gizo da masana suka tantance suka raɗa wa suna ya kai 50,000, kuma in ban da ƴan kaɗan, dukkansu suna da dafi. A 2017 wasu masana biyu, Martin Nyffeler da Klaus Birkhofer, sun ƙiyasta cewa gizo-gizon duniya baki ɗaya suna kashe abin da ya kai tan miliyan 400 zuwa 800 na ƙananan halittu a kowace shekara, mafi yawansu ƙwari. Sun shafe fiye da shekara miliyan 300 suna wannan sana'a.

Me ya sa ake neman sabon magani?

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa ƙwari da cututtukan shuka suna lalata abin da kan kai kashi 40 cikin 100 na amfanin gonar duniya a kowace shekara. Manoman rani na Kano da Kaduna ba sa bukatar a karanta musu wannan adadi. Sun ga abin da ya faru a 2016, sa'ad da tsutsar tumatir da suka laƙaba wa suna Sharon, wadda asalinta daga Kudancin Amurka ne, ta cinye gonaki har gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir. An yi feshi, an sake yi, tsutsa tana cikin ganye tana cin abinta.

Dalilin wannan gazawa yana da sauƙin fahimta. In aka fesa magani a kan ƙwari dubu, ana iya samun biyu ko uku da halittarsu ta ɗan bambanta, maganin bai kashe su ba. Su ne za su hayayyafa, ƴaƴansu su gaji wannan juriya. Bayan ƴan shekaru sai gona ta cika da jikokinsu, magani ya zama kamar ruwa. Ire-iren ƙwari da danginsu fiye da 500 ne aka tabbatar sun bijire wa magani ɗaya ko fiye. Abin da ya ƙara dagula al'amarin shi ne, ko da yake sunayen magunguna a kasuwa suna da yawa, wuraren da suke kai wa hari a jikin ƙwaro ƴan kaɗan ne. Alal misali, DDT da magungunan da ake jiƙa gidan sauro da su wuri ɗaya suke duka a jijiyar ƙwaro, saboda haka sauron da ya jure wa ɗaya yakan jure wa ɗayan.

Sa'an nan ga ɓarnar da magungunan suke yi wa waɗanda ba su ji ba ba su gani ba: ƙudan zuma, da kifi, da tsuntsaye, da shi kansa mai feshin. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan sinadarin nan na fiya-fiya da aka samu a cikinsa. A 2018 kuma ta hana fesa wasu magunguna uku a filin gona domin kare ƙudan zuma. Abin da ake nema ke nan shi ne maganin da zai bugi ƙwaro a wani sabon wuri, ya ƙyale mutum da dabbarsa, kuma kada ya daɗe a ƙasa ko a jikin abinci.

Abin da ke cikin ɗigon dafi

Mutane da yawa suna ɗaukar dafi a matsayin guba guda ɗaya. Ba haka abin yake ba. Dafin gizo-gizo gauraye ne na sinadarai masu yawa, kuma mafi muhimmanci a cikinsu su ne wasu ƙananan furotin da ake kira feftayid. Feftayid kamar carbi yake, ƴaƴansa su ne amino asid, yawanci 30 zuwa 40 ko sama da haka kaɗan. A dafin gizo-gizo iri ɗaya ana iya samun feftayid ɗaruruwa, a wasu ma fiye da dubu, kowanne da aikinsa.

Domin mu gane aikin nasu, sai mun ɗan leƙa yadda jijiyoyin saƙo suke aiki. Saƙon da ke tafiya daga ƙwaƙwalwa zuwa ƙafa ko fiffike na lantarki ne, kuma yana samuwa ne ta buɗewa da rufewar wasu ƴan mitsi-mitsin ƙofofi da ke jikin jijiyar. Akwai ƙofar da sodiyam ke shiga, akwai wadda potasiyam ke fita, akwai ta kalsiyam. Idan saƙo ya iso ƙarshen jijiya, ƙofar kalsiyam ce ke buɗewa, shigarsa kuma ita ke sa jijiyar ta saki wani sinadari da zai tsallaka ya isar da saƙon ga jijiya ta gaba ko ga tsoka. Feftayid ɗin dafi yana zuwa ya liƙe wa ɗaya daga cikin ƙofofin nan. Wani ya toshe ta, sai saƙo ya yanke, ƙwaro ya shanye. Wani ya hana ta rufuwa, sai saƙo ya yi ta zuba ba tsayawa, ƙwaro ya yi ta karkarwa har ya sandare.

Abin lura a nan shi ne, mu ma muna da irin waɗannan ƙofofi, amma ƙirarsu ta ɗan bambanta da ta ƙwari, kamar yadda kwaɗo biyu za su yi kama da juna a ido amma mabuɗin wannan ba ya buɗe wancan. Gizo-gizo ba ya farautar mutum, saboda haka yawancin mabuɗan da ke cikin dafinsa an sassaƙa su ne daidai da kwaɗon ƙwari. Kyakkyawan misali shi ne baƙin gizon nan na dangin Latrodectus da ake jin tsoronsa a Amurka da wasu ƙasashe. A cikin manyan sinadaran dafinsa, guda ne yake cutar da mutum da sauran dabbobi masu ƙashin baya, guda biyar na ƙwari ne kawai, guda kuma na dangin ƙaguwa ne. Aikin masani shi ne ya rarraba wannan tarin mabuɗai, ya ware wanda yake so, ya zubar da saura.

Akwai wani abin sha'awa kuma game da ƙirarsu. Yawancin furotin ba su da ƙarko: zafi kaɗan ya ishe su lalacewa, kamar yadda farin ƙwai ke daskarewa a tukunya. Amma da yawa daga feftayid ɗin gizo-gizo a ƙulle suke. Akwai igiyoyi uku na farar wuta da ke ɗaure sassan carbin da juna, biyu sun yi zobe, ta ukun ta ratsa ta tsakiyarsa. Wannan ƙulli shi ke ba su juriyar zafi da ta sinadaran da ke narkar da furotin. In sun gama aiki kuwa, ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa suna warware su su koma amino asid, watau irin abin da ke cikin wake da nama.

Gizon Ostiraliya

Labarin da ya fi kowanne nisa a wannan fage daga Ostiraliya ya fito. A gabashin ƙasar akwai wasu manyan gizo-gizo baƙaƙe masu sheƙi, suna zaune a rami, suna saƙa bakinsa kamar mazurari. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne na birnin Sidni, Atrax robustus, wanda aka rubuta ya kashe mutum 13 kafin Struan Sutherland da abokan aikinsa su samar da makarin dafinsa. Tun da aka fara amfani da makarin a 1981 ba a sake rubuta mutuwar kowa ba. Sinadarin da ke kashe mutum a dafin nasa yana hana ƙofar sodiyam rufuwa ne, kuma abin mamaki, ya fi yi wa mutum da biri illa, kare da kyanwa kuwa ba ya cika yi musu komai.

Wa zai yi tsammanin a nemo maganin feshin abinci daga irin wannan dangi? Amma a dafin ɗan'uwansa, Hadronyche versuta, mazaunin tsaunukan da ke yamma da Sidni, aka samo shi. Tatsar dafin ba ta da wuya ga wanda ya iya: in an tsokane shi yakan miƙe ya ɗaga ƙafafun gaba, ɗigon dafi ya taru a bakin fiƙoƙinsa, sai a zuƙe da siririn bututu. A 1997 Glenn King da abokan bincikensa, a lokacin suna Jami'ar Sidni, suka bayyana siffar wani feftayid mai amino asid 37 daga wannan dafi, wanda ake taƙaita sunansa da Hv1a. Yana toshe ƙofar kalsiyam ta ƙwari, yana kashe tsutsar auduga da kyankyaso da ƙuda da wasunsu, amma dabbobi masu shayarwa da aka gwada shi a kansu bai cutar da su ba. Bayan haka aka gano wani mai toshe ƙofar potasiyam, daga bisani kuma na uku, wanda aka ga kamar ya haɗa aikin biyun, aka kira shi Hybrid, watau mai ruwa biyu.

Ba za a iya tatsar gizo-gizo a cika tankin feshi ba, ko da za a tara miliyoyinsu. Dabarar da aka yi ita ce, aka ɗauki ƙwayar gado mai ɗauke da umarnin ƙera feftayid ɗin aka dasa ta a cikin yis, ɗan'uwan wanda ake kumbura burodi da shi. Ana rainon yis ɗin a manyan tankuna ana ba shi sukari, shi kuma yana fitar da feftayid. Da irin wannan hanya ake yin wani kaso na insulin da masu ciwon sukari ke amfani da shi. Kamfanin Vestaron, wanda aka kafa a 2005 bisa binciken King, ya sami rajistar maganin daga hukumar kare muhalli ta Amurka a 2014, ya fara sayar da shi a 2018 da sunan Spear. Mai karatu ya lura da tazarar: shekara 21 tsakanin bayyana siffar feftayid na farko da isowar magani hannun manomi.

Wani darasi ga ɗalibin kimiyya yana nan. An daɗe ana koyar da cewa ƙofofin kalsiyam da potasiyam wannan magani yake bugu. Da aka zurfafa bincike sai aka ga babban aikinsa yana kan wurin da jijiya ke karɓar sinadarin isar da saƙo mai suna asitilkolin, yana sa ta amsa fiye da kima. Akwai tsofaffin magunguna da ke kai hari ga wannan wuri, amma ta wata kusurwa daban. Shi ya sa kwamitin ƙasa da ƙasa da ke rarraba magungunan ƙwari bisa hanyar kisansu ya buɗe masa sabon rukuni, na 32. Masanan ba su ji kunyar gyara abin da suka faɗa a baya ba, haka kuma ya kamata.

Gizo yana da fiƙa, manomi ba shi da ita

Yanzu mun zo ga ainihin matsalar. Gizo-gizo allura yake yi. Yana soka fiƙoƙinsa ya zuba dafin kai tsaye cikin ruwan jikin ƙwaro, daga nan ya isa jijiya. Manomi kuwa fesawa yake yi a kan ganye. Feftayid ba ya ratsa busasshiyar fatar ƙwaro da sauƙi, in kuma tsutsa ta haɗiye shi, kaɗan ne yake iya ƙetare bangon hanjinta. Sinadarin da ke kashewa nan take in an yi allurarsa sai ya zama mai rauni in an ci shi. Wannan ne ya tsayar da bincike shekara da shekaru, kuma duk dabarun da aka ɓullo da su ƙoƙari ne na yi wa dafin sabuwar fiƙa.

Ga ƙananan ƙwari masu tsotsar ruwan shuka, irin su farin ƙuda, ana fesa maganin da kauri, a siffar hazo mai laushi, yadda zai shiga ta ƙofofin numfashin da ke gefen jikinsu. Ga tsutsotsi masu cin ganye kuwa ana gauraya shi da ɗan kaɗan na wata bakteriyar ƙasa da aka daɗe ana kashe tsutsa da ita, wadda ake kira Bt. Furotin ɗin Bt yana huda bangon hanjin tsutsar, feftayid ya bi ta hudar ya wuce. Ɗaya ya fasa ƙofa, ɗaya ya shiga. A 2024 Girka da Italiya sun ba da izinin gaggawa na amfani da wannan magani a kan tsutsar tumatir, ita dai Sharon ɗin nan da ta addabi manomanmu.

A Ingila wata hanya aka bi. An haɗa Hv1a da wani furotin na wata shuka mai farin fure ta ƙasashen sanyi, wanda ya iya ratsa hanjin ƙwaro, ya zama kamar jakin da ke ɗauke da kaya ya tsallake da su. A 2014 masana a Jami'ar Niyukasil suka ciyar da ƙudan zuma wannan haɗi da yawan da ya zarce abin da za su gamu da shi a gona. Illar da ya yi wa rayuwarsu ƴar kaɗan ce, bai kuma taɓa basirarsu ta koyo da tuna ƙanshin fure ba, wadda da ita suke neman abinci.

Gwajin Burkina Faso

Dabarar da ta fi kusa da mu, kuma a ganina ta fi kowace hikima, ba a gona aka gwada ta ba. A kan sauro aka yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 an kamu da zazzaɓin cizon sauro sau miliyan 263, mutum wajen 597,000 suka mutu, kuma Nijeriya kaɗai ke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa. Sauron Afirka ta Yamma kuwa ya riga ya bijire wa yawancin magungunan gidan sauro.

Akwai wata fumfuna mai suna Metarhizium pingshaense da ke kama sauro a daji. In ƙwayarta ta sauka a jikinsa sai ta tsiro, ta huda fata ta shiga ciki. Ga fiƙa ta samu ke nan. Aibinta shi ne tana da jinkirin kisa, sauro yakan sami kwanakin da zai yi cizo ya yi ƙwai. Masana daga Jami'ar Merilan ta Amurka, Raymond St. Leger da Brian Lovett, tare da Abdoulaye Diabaté da Etienne Bilgo na cibiyar binciken kiwon lafiya da ke Bobo Diyulaso, suka dasa wa fumfunar ƙwayar gadon feftayid ɗin nan mai ruwa biyu. Suka kuma haɗa ta da wani makunni na gado wanda ba ya barin a fitar da dafin sai fumfunar ta tsinci kanta a cikin ruwan jikin ƙwaro.

A ƙauyen Sumuso aka gina wani ƙaton keji na raga, aka kasa shi ɗaki-ɗaki, aka sa bukkoki da tsire-tsire da kududdufai da ƴan maruƙa domin sauro ya sami jini. A kowane sashe aka saki sauro 1,500 masu jure magani, maza 1,000, mata 500. Aka rataya baƙin ƙyallen auduga a bangon bukka, domin sauro yana son hutawa a wuri mai duhu bayan ya sha jini. A sashe ɗaya an shafa wa ƙyallen man riɗi kawai, a na biyu man riɗi da fumfunar daji, a na uku man riɗi da fumfuna mai dafin gizo. Bayan kwana 45 aka ƙirga manyan sauro: 1,396 a na farko, 455 a na biyu, 13 kacal a na uku. An buga sakamakon a mujallar Science a 2019. Gwajin da aka yi a kan ƙudan zuma kuma bai nuna fumfunar tana cutar da su ba.

Malamai su ja hankalin ɗalibai ga tsarin wannan gwaji. Ba don sashen man riɗi zalla ba, da ba wanda zai iya cewa fumfuna ce ta kashe sauron, ba zafi ko yunwa ba. Ba don sashen fumfunar daji ba kuma, da ba a san gudummawar dafin ba. Su kuma tuna musu cewa a cikin raga aka yi shi. Sakin halittar da aka sauya wa ƙwayar gado a sarari magana ce ta daban, wadda ke bukatar izinin hukuma da yardar mutanen gari, domin abin da aka saki ba a iya kiransa ya dawo.

Inda ya kamata a yi hattara

Kalmar nan “na halitta” tana yaudarar mutane. Dafin maciji ma na halitta ne. Abin da ya sa feftayid ɗin nan ya zama mai aminci shi ne an zaɓe shi ɗaya daga cikin ɗaruruwa, an kuma gwada shi shekaru a kan dabbobi da kifi da ƙudan zuma, har aka yarda ma'aikaci ya koma gona bayan awa 4 da feshi, a kuma girbe amfanin a ranar. Kowane sabon feftayid sai ya bi wannan dogon layi da kansa. Haka nan ba abin da zai hana ƙwari su bijire masa in aka yi ta fesa shi shi kaɗai, domin dokar da muka bayyana a baya ba ta san bambancin sinadarin masana'anta da na gizo ba. Shi ya sa ake ba da shawarar a riƙa sauya shi da magungunan wasu rukunoni. Ga kuma tsada: rainon yis da tace furotin ya fi haɗa sinadari kashe kuɗi, dalilin da ya sa aka fara sayar da maganin ga masu noman kayan lambu da furanni a rumfunan gilashi, waɗanda ribarsu za ta ɗauki nauyinsa. Kafin ya dace da aljihun mai kadada ɗaya ta wake, sai farashi ya sauko ƙwarai.

Aikin da za a iya yi a makaranta

Ɗalibai ba za su iya tace feftayid a ɗakin gwajin sakandare ba, amma za su iya auna aikin mai dafin. A zaɓi saƙa goma a lambun makaranta ko a gonar wake da ke kusa, a ɗaura wa kowace alama da ƙyalle. Kowace safiya har mako biyu a duba abin da ta kama, a ƙirga, a rubuta: sauro nawa, ƙuda nawa, fara nawa, ƙudan zuma nawa. Kada a taɓa gizo-gizon da hannu, kada kuma a tsinka saƙar. Madubin ƙara girma da littafin rubutu sun isa. In an sami gonar da aka yi wa feshi kwanan nan da wadda ba a yi wa ba, a ƙirga yawan saƙa a kunya biyar na kowace, a zana jadawali, a kawo aji a tattauna abin da feshin ya kashe ban da ƙwarin da aka yi niyya.